Ɗan ƙaramin huji, babban haɗari: yadda ake magance sacewar tayar gaba a motar tsere

A Amurka akwai wani nau'in tseren mota da suke kira dirag. Motoci biyu ne ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a kan miƙaƙƙiyar hanya, fitila na ba su hannu su fizga. Asalin tsawon filin mita 402 ne, amma tun 2008 ƙungiyar NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, ta rage shi zuwa kimanin mita 305 ga motoci mafiya ƙarfi. Waɗannan motoci kan cinye wannan tazara cikin ƙasa da daƙiƙa 4, suna gudun da ya haura kilomita 500 a awa.

Idon ɗan kallo kan tafi ne kan manyan tayoyin baya masu hayaƙi. Na gaba kuwa sirara ne, wasu faɗinsu bai kai tafin hannu ba. Da gangan aka yi su haka, marasa nauyi, masu siririn jiki, don kada su riƙe motar. To amma wannan sirantakar ce ke sa sukan sace a hankali, har direba ya tarar da safe iskar jiya ta ragu.

Wani zai ce, ai ɗan kaɗan ne, a ƙara iska a wuce. A nan gizo ke saƙar. Idan motar ta fizga, gabanta kan ɗaga sama, sa'an nan ya faɗo da ƙarfi a kan waɗannan siraran tayoyi. A ƙarshen fili kuma, da an taka birki, nauyin motar kan koma kansu. Idan ɗaya ta fi ɗaya iska, sitiyari zai riƙa ja gefe guda, alhali ga katanga a gefe, ga abokin hamayya a ɗaya gefen. Masu wannan wasa ba su manta da Darrell Russell ba, wanda ya rasu a 2004 bayan tayar bayan motarsa ta tarwatse yana tsakiyar gudu.

Ban da batun rai, akwai na nasara. A bakin layin tashi akwai wani siririn haske da tayar gaba ke tarewa, kuma agogo ba ya fara ƙirga sai ta fice daga cikinsa. Tayar da iskarta ta ragu kan ɗan baje a ƙasa, sai ta ƙara jinkirin ficewa. A wasan da ake raba gardama da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wannan kaɗai ya isa ya mayar da direba gida.

Saboda haka matakin farko shi ne a gano ta inda iskar ke fita. Dabarar dai ita ce ta mai facin bakin titi a Kumasi ko Garwa: ruwan sabulu. A cika tayar, a shafa mata ruwan ko'ina, a zura ido a ga inda kumfa zai taso. Wurare huɗu ake zargi.

Na farko bawul. Sau da yawa ɗan ƙarfen da ke cikinsa ne ya yi sako-sako, ko robarsa ta tsufa. A ɗaure shi ko a sauya sabo, magana ta ƙare, kuɗin ma bai taka kara ya karya ba.

Na biyu bakin taya, inda roba ta haɗu da wili. Datti ko tsatsa kan buɗe wa iska hanya. Sai a kwance tayar, a goge wilin tas, a duba ko ya lanƙwashe ko ya tsage, a mayar.

Na uku jikin robar kanta. Idan ƙananan kumfa suka fito barkatai a gefen tayar, ba huji ba ne, iska ce ke ratsa siririyar roba. Wasu kan sa tub a ciki idan kamfanin da ya ƙera tayar ya amince, wasu kuma su haƙura da auna iska kafin kowane zagaye.

Na huɗu shi ne ƙusa ko wani ƙarfe, kuma a nan ne ake tafka muhawara. Ga motar gida, ƙa'idar masu ƙera taya a Amurka a fili take: ana yin faci ne kawai a inda taya ke taka ƙasa, hujin kada ya wuce milimita 6, kuma dole a cire tayar a duba cikinta, a toshe hujin, a liƙa faci ta ciki. Igiyar robar nan da ake cusawa ta waje ba tare da an kwance taya ba, ta kai mutum gida ce kawai. Tayar tsere ba ta da kaurin da zai riƙe ta da kyau. Ruwan toshe huji da ake ɗurawa ta bawul kuma kan taru gefe guda, taya ta riƙa girgiza a babban gudu. Idan hujin a gefen taya yake, ko zaren ciki ya tsinke, babu gyara sai sabuwa.

Shi ya sa direbobi da yawa ba sa ma tsayawa ciniki: bawul da wili a gyara, tayar da ta huje a jefar, a sayi guda biyu tare don tsayinsu ya zo ɗaya. Kuɗin tayoyin gaba biyu ba ya kama ƙafar kuɗin injin, balle ran da ke bayan sitiyari.

Mai tasi ko mai babur da ke karanta wannan ba ya gudun kilomita 500, amma tayar gaba ita ke riƙe da sitiyarinsa shi ma. Idan kullum sai ka tsaya an ƙara maka iska, ka ce wa mai faci ya kawo ruwan sabulu, ya kwance tayar ya duba cikinta. An ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye hanya.