Takardar Gida, Hatimin Ofis

(Kiɗan buɗe shiri, sai a sassauta)

Shirinmu na musamman a yau ya sauka a Akurba, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Lafiya a jihar Nasarawa, kuma zancen namu na takarda ne: wadda talaka zai yanka da hannunsa, ya naɗe, ya liƙe, ya aika wa wanda ya zaɓa.

Na san wani zai ce, Malam, a zamanin WhatsApp? To, ku tambayi duk wanda ya taɓa neman ɗan majalisa a waya bayan an rantsar da shi. Ko lambar ba ta shiga, ko wani yaro ya ɗauka ya ce Honarabul yana mitin. Saƙon murya kuwa, ana saurare a goge, shi ke nan. Ita takarda ba a goge ta. In ta shiga ofis aka buga mata hatimi, ta zama hujja, ko an so ko ba a so.

Mutumin Akurba yana da ƙofofi da yawa, kuma rabin wahalar shi ne sanin wadda zai ƙwanƙwasa. Akwai kansilan mazaɓa da shugaban ƙaramar hukuma. Akwai ɗan majalisar jiha, ɗaya daga cikin 24 da ke zama a nan Lafiya, wadda ta zama babban birni tun da aka cire Nasarawa daga Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Can Abuja kuma akwai ɗan majalisar wakilai na Lafiya da Obi, da sanatan Nasarawa ta Kudu. Rijiyar burtsatse da ta lalace, ko kwalbatin da ruwa ya cinye, ko rufin ajin firamare, waɗannan a fara da kansila da ciyaman. Tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, hakkin mai unguwa da jama'arsa ne su tambaya a rubuce: ina aka kwana? Wanda ya aika wa sanata ƙorafin kwata, ya ɓata takardarsa.

(Ɗan kiɗa)

To, mu zo kan kayan aiki. Ba sai an je shago an sayo ambulan ba. Tsohuwar kalanda ta bara, wadda bayanta fari ne, ta isa. Ko takardar cikin buhun siminti, in an kakkaɓe ta an goge da busasshen tsumma, don tana da ƙwari, ba ta saurin yagewa a aljihun mai babur. A ninke wasiƙar gida uku, a ɗora ta a tsakiyar takardar, a naɗo gefe da gefe, a naɗo ƙasa, a bar leɓen sama. Abin liƙi kuwa yana madafa. Ƙasar Lafiya ƙasar rogo ce. Sitaci kaɗan a dama da ruwan zafi har ya yi yauƙi, ko ƙaro da aka jiƙa ya kwana. A shafa da tsinke, kada a cika, don in ya yi yawa zai jiƙa wasiƙar ya manne ta da ambulan, magatakarda ya yaga rabin magana wajen buɗewa.

Amma ita wasiƙar kanta, a yi mata farar takarda mai tsabta. Fallen tsakiyar littafin makaranta ya wadatar in babu wata. A sa rula a ja layi a sama, a rubuta sunan ƙungiya ko unguwa da manyan baƙaƙe, da adireshi, da lambar waya ɗaya da za a iya samu. Ƙungiyar mata masu sana'ar gari ce, ko ta matasa, ko ta iyayen yara, wannan layin shi ne ke nuna cewa ba mutum ɗaya ne ya tashi da fushi ya yi rubutu ba.

A nan zan ɗan tsaya a kan tawada. Muna da tamu tun kaka da kakanni, ta gawayi da ƙaro, wadda almajiri ke rubutu da ita a allo. Tawada ce mai albarka, amma an yi ta ne don ta wanku. Da ba haka ba, da ba a yi rubutun sha ba. Yayyafi ɗaya a hanya, ko gumin hannu, sai ƙorafin ya koma baƙin ruwa. Don haka a nan biro za a nema, shuɗi ko baƙi. Haka kuma hatimi: ƙungiya na iya sa a sassaƙa mata nata a roba, da sunanta. Amma kwaikwayon hatimin hukuma, ko na fada, ko sa tambarin gwamnati a kan takardarka, laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali.

Me za a rubuta? Magana ɗaya, shafi ɗaya. Kirari ya tsaya a “Mai girma” da gaisuwa layi guda. A faɗi wurin, a faɗi tun yaushe, a faɗi gidaje nawa abin ya shafa, sannan a faɗi abin da ake so a yi. Zagi ba ya gyara famfo, kuma yana ba wanda aka rubuta wa dalilin yin shiru. In an rubuta da Hausa, a nemi ɗalibi ya mayar da Turanci, a haɗa biyun, tunda aikin ofis da Turanci ake yi. A ƙasa kowa ya sa hannu. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa, a rubuta sunansa a gefe. Kada a sa sunan wanda ba a tambaya ba. Maƙwabtanmu na Kogi sun ga darasin sa hannu: a 2018, da hukumar zaɓe ta fita tantance waɗanda aka ce sun nemi yi wa Sanata Dino Melaye kiranye, abin da aka tabbatar bai kai kashi 6 cikin 100 na masu rajista ba, alhali tsarin mulkin 1999 ya ce sai an haura rabi.

Sai babban abin, wanda saboda shi muka yi shirin nan. Kada a taɓa kai takarda guda ɗaya. A yi biyu, ko da hannu za a kwafa. A miƙa ɗaya, a ce wa magatakarda ya buga hatimin karɓa a kan ɗayar, ya sa kwanan wata da hannu, a dawo da ita gida a adana a leda. In ya ce hatimin yana wurin oga, a zauna a jira oga. Idan bayani ake nema daga wata hukumar tarayya, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ta kwana 7 ta amsa, kuma daga ranar da ke kan hatimin ake fara ƙirga. In an yi shiru, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, kuma kyauta take aiki. Ita ma za ta so ganin shaidar cewa kun rubuta.

A Kanada, wasiƙar da aka aika wa ɗan majalisa a ginin majalisa ba a sa mata kan sarki, kyauta gidan waya ke kaiwa. Mu ba mu da wannan gatan. Amma mutumin Akurba yana da nasa: majalisar jiha da sakatariyar ƙaramar hukuma duk suna nan Lafiya, kuɗin babur ne tsakani. Mutum biyu su tafi tare, da safe, ranar aiki, kada a bari sai Juma'a bayan an sauko masallaci.

Nan za mu dakata a shirin na yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)