Ƙofar Kabuga da Mazaunin Masu Tsaronta

Mutumin Tofa in zai shiga birni, hanyarsa ta Janguza ce da Rijiyar Zaki, sannan ya faɗo Kabuga. Yawancin matasa sun ɗauka Kabuga sunan unguwa ne kawai ko mahaɗar tituna. Alhali kuwa ƙofa ce daga cikin ƙofofin ganuwar Kano, kuma ta nan kakanninmu suka riƙa shigar da hatsi da itace da dabbobi cikin gari.

Kamar yadda littafin Tarihin Kano ya nuna, Sarki Gijimasu (1095–1134) shi ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta. A zamanin Muhammadu Nazaki (1618–1623) aka sake tura ta yamma, Wambai Giwa ya jagoranci aikin, wanda ya ratsa Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga har Kansakali.

Ƙofar gari a wancan lokaci gini ce mai zaman kanta. Dogon soro ne mai duhu da aka ratsa cikin kaurin ganuwa, an gina shi da tubali, an rufe shi da azara. Ƙyauren na katako ne mai kauri, wani an lulluɓe shi da fata, wani da fallayen ƙarfe, ana tokare shi ta ciki da gagarabadau. A waje akwai gwalalo mai zurfi cike da ƙaya, sai 'yar siririyar hanya da aka bari ta tsallakawa. Wasu ƙofofin an janye su ciki, ta yadda duk mai son fasa su sai ya shiga tsakanin bango biyu, 'yan baka na harbinsa dama da hagu.

Kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, gidansa yana daf da ita daga ciki. Shi da yaransa suke rufewa da magariba, su buɗe da asuba. Wanda dare ya yi masa a hanya sai ya kwana a waje. Su ne kuma suke lura da baƙi da fatake, su kai labari fada.

Wannan dabara ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba. A 1482, wato a zamanin Rumfa, Turawan Fotugal suka gina sansanin Elmina a bakin teku, cikin ƙasar Gana ta yau. Shi ma yana da gwalalo da ƙofa mai tsaro ta ɓangaren tudu, sai dai gadarsa ta katako ce da ake ɗagawa. Bayan Ingila ta karɓe shi a 1872, dakarun Hausawa da aka kawo daga Legas suna cikin waɗanda suka yi gadinsa.

Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Kanar Morland ta iso Kano, Sarki Alu yana Sakkwato. Sun fara gwada Ƙofar Dukawuya, tsarin gininta ya hana su sakat, sai suka zagaya Kabuga suka fasa ta da igwa. Daga nan aikin tsaro na ƙofofi ya ƙare, sarautar ta zama ta gargajiya.

Abin takaici shi ne, Elmina tana nan a tsaye, UNESCO ta sanya ta cikin kayan tarihin duniya tun 1979, ganuwarmu kuwa ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu yanka filaye sun cinye mafi yawanta. Ko Ƙofar Na'isa rushe ta aka yi a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake ta da ginin zamani.

Saboda haka muna kira ga malamai su riƙa kai ɗalibai Gidan Makama, inda aka adana wasu tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari. Dattawan Tofa kuma da suka ji labarin kwanan bakin ƙofa daga iyayensu, a zauna da su a rubuta tun suna raye.