Ɗan kwikwiyo mai ƙwaya guda

Yau ba zancen kaji ko tarwaɗa ba ne, zancen masu gadinsu ne.

Karyar da ke tsaron gonata a Gandi ta haifi biyar. Wani dattijo maharbi daga Rabah ya zaɓi namiji ɗan sati 7, ya kwantar da shi, ya lalluba marainansa, sai ya ɗago kai: "Yaro, wanga ƙwaya guda gare shi. Ina gudar?"

Na ce, "Baba, tana ciki, ba ta sauko ba tukuna."

Yawanci ƙwayoyin biyu kan sauko kafin wata 2. Wasu kan yi jinkiri, amma in aka wuce wata 6 da wuya ta fito. Abin gado ne, don haka ba a barin irin wannan kare ya yi barbara. Kuma ƙwayar da ta maƙale cikin zafin ciki ta fi saurin kamuwa da ciwon daji. Dandaƙar gida ba ta kai gare ta, sai likitan dabbobi ya yi tiyata. Gadi da farauta kam, ba abin da zai rage masa.

Duk na faɗa wa Baba, na rage kuɗin, na ce in ya cika wata 6 ba ta sauko ba, ni zan biya kuɗin aikin a Sakkwato. Ya yi shiru, ya sake lallubawa, ya sa shi cikin kwali ya ɗaure bayan babur.