Balaguron 'Yan Lakwal: Me Ya Hana A Fara Da Keita, Buza Da Madawa?

Da zarar wata makaranta a yankin Tamaske ta aika wa iyaye cewa tana son fita da ɗalibai yawon buɗe ido na kwana biyu ko uku, sai magana ta rabu gida biyu a majalisa da bakin kasuwa. Wasu su ce yawon banza ne, dabara ce ta tatsar aljihun talaka, abin 'ya'yan manya ne na makarantun kuɗi. Wasu kuma, galibi malaman da suka kawo shawarar, su ce in za a yi a yi mai dalili: a hau babbar mota a kai yara Yamai su ga gidan tarihi na Boubou Hama da gadar Kennedy da kogin Isa. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan kuskure ɗaya ba tare da sun lura ba. Dukansu sun ɗauka abin kallo yana can nesa, nan Adar kuwa ba komai sai duwatsu da rana. Daga Tamaske zuwa Yamai fiye da kilomita 500 ne, saboda haka dole kuɗin mota ya gagari uba, dole kuma hankalin uwa ya ƙi kwanciya. Sai a watse, shekara ta ƙare ba a je ko'ina ba.

Maganar nan ta "ba komai sai duwatsu" ita ce ta fi ban takaici, domin duwatsun su ne darasi na farko. Duk wanda ya tsaya a gindin ɗaya daga cikin tuddan da suka kewaye kwarin Keita ya ɗaga kai zai ga ƙasar hawa-hawa take: a sama akwai baƙin dutse mai ja-ja, mai ƙarfe a jikinsa, a ƙarƙashinsa kuma akwai farin dutse da yumɓu. Cikin farin dutsen nan ake tsintar ɓawon katantanwa da na wasu halittun teku da suka daskare suka zama dutse. Yaran da ke kiwon awaki suna tsintar su suna jifa da su. Masu nazarin ƙasa sun tabbatar cewa wajen shekara miliyan 60 da suka wuce wani teku marar zurfi ya kwanta a kan wannan yanki, ya ratsa inda Sahara take a yau, kuma ɓawon halittunsa ne ya taru a ƙasansa ya zama farin dutsen. Shi ne ake fasawa a Malbaza tun shekarun 1960 ana yin siminti, irinsa ne kuma ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato, domin tekun bai san da iyakar da Turawa suka zo suka shata ba. Ɗalibin kwaleji yana haddace sunayen ire-iren duwatsu da Faransanci don ya ci jarrabawar BEPC, ya fito ya taka su a hanyar gida bai gane su ba. Malamin da ya hau tudu da ajinsa da hantsi, kowane yaro ya tsinci ɓawo ɗaya ya zana shi a littafi, ya koyar da abin da allo ba zai koyar a wata guda ba.

Darasi na biyu ya fi wuya, kuma shi ne ya fi shafar tuwon gida. Me ya sa ƙasar da ake yi mata ruwan sama kowace damina take kwana da ƙishi? A ɗauki ƙwarya a kife ta, a kwara mata ruwan tulu guda: ko ɗigo ba za ta riƙe ba, sai dai ruwan ya yi rami a ƙasar da ke gefenta. Fako da gangaren dutse da aka sare wa itace haka suke. Lissafin kuma ɗan aji shida zai iya yin sa. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Ke nan ruwan dare ɗaya mai milimita 30 yana zuba lita 300,000 a kan hektar nan, wato tano 1,500 mai cin lita 200. In ƙasa ba ta sha ba, duk wannan ruwa zai gangara cikin 'yan mintoci, ya haɗu da na hektocin da ke maƙwabtaka, ya zama ƙoramar da ke cinye gona ta binne garka da yashi. Abin da Furojen Keita ya yi tun daga 1984, shekarar babban fari, da kuɗin ƙasar Italiya da haɗin gwiwar FAO da hukumar abinci ta duniya, shi ne birkice ƙwaryar nan. A gangaren duwatsu aka haƙa ramuka jere-jere aka dasa itace a kowanne, a saman tudu aka ɗaure kunyoyi da duwatsu, a cikin ƙoramu aka gina shingaye da madatsun ruwa. An dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan masu aikin mata ne, domin maza sun tafi biɗa, kuma da abinci ake biyansu. A ba yara igiyar awo su auna tsawo da faɗi da zurfin rami ɗaya, su fitar da litar da yake riƙewa, su ƙirga ramukan layi guda su ninka. Su ga kuma inda shinge ya karye ba a gyara ba, su auna yadda ƙorama ta sake buɗe baki. Wannan ma darasi ne, ko da yake ba kowane jami'i zai so a koyar da shi ba.

Mai musu zai ce to in abin kusa yake, mene ne na kwana? A je da safe a dawo da la'asar mana. Amsa ita ce abin da ake son yaro ya gani tafiyar ruwa ce daga kan dutse har zuwa kasuwa, kuma wannan ba ya ganuwa a zango ɗaya. Rana ta farko tudu da ramuka da madatsa a Keita. Rana ta biyu a gangara kwarin Majiya ta gundumar Buza, inda tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu, tsakanin kowane shinge da na gaba mita 100, don karya ƙarfin iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Yaro ya tsaya a gaban shingen ya tsaya a bayansa, jikinsa zai gaya masa bambancin kafin malami ya buɗe baki. Rana ta uku a isa fadamar Tarka wajen Madawa, inda ruwan da ƙasa ta sha yake fitowa ta rijiyoyin garka ya zama albasa, irin nan ta Galmi da ake lodawa a manyan motoci zuwa Gana da Kodebuwa. Ban-ruwa da asuba ake yi, wanda bai kwana kusa ba ba zai gan shi ba. A hanya kuma akwai Galma, inda Abzinawan Kel Gress suka gwabza da sojan Faransa a 1901, ga malamin tarihi in yana so.

Akwai hujja a cikin jihar Tawa kanta cewa irin wannan fita tana canza ƙasa. A ƙarshen shekarun 1980 wani shiri na hukumar IFAD ya ɗauki wasu manoma 'yan kaɗan daga yankin Illela ya kai su Yatenga ta ƙasar Burkina Faso. Can suka ga manoma suna haƙa ƙananan ramuka a kan fako, su zuba taki, su shuka a ciki. Da suka dawo suka gwada a gonakinsu, maƙwabta suka leƙo suka kwaikwaya, wannan dabara da ake kira tassa ta bazu a Badagishiri da kewaye har fakon da aka yasar ya koma abin saye da sayarwa. Ba wanda ya rubuta musu littafi. Tafiya aka kai su, suka gani da ido. In manomi mai furfura ya koyi sana'ar da ta cika masa rumbu daga ziyarar 'yan kwanaki, da wace hujja za a ce ɗan shekara goma sha huɗu ba zai ƙaru ba? Kuma mutanen Adar ba baƙin tafiya ba ne. Gidan da ke sallamar matashi zuwa Abijan ko Legas ko Libiya da 'yar jaka da addu'a, ko ya miƙa ƙaramin yaro ga malami ya tafi almajirci wata ƙasa, bai kamata ya ga kwana uku a Buza tare da malamai ya ce an yi nisa ba.

Sai maganar tsaro, kuma ba a raina ta. A ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum takwas a yankin raƙuman dawa na Kure, shida Faransawa ma'aikatan agaji, biyu 'yan Nijar. A watan Maris 2021 hare-hare a yankin Tiliya, arewacin jiharmu, suka ci rayuka 137 bisa ƙidayar gwamnati. Ta kudu kuma, ƙauyukan bakin iyaka da jihar Sakkwato, irin yankin Bangi a gundumar Madawa, sun sha fama da 'yan bindiga masu satar mutane da shanu. Uban da ya tuna waɗannan ya ce ɗansa ba ya zuwa ba a ce masa matsoraci. Sai dai abin da suke nunawa shi ne a zaɓi hanya da hankali, a rage nisa, a bar bakin iyaka da arewa mai nisa, kar a yi tafiyar dare, a sanar da prefe da jandarma kafin a tashi, in suka ce a dakata a dakata. Duk wannan ya fi sauƙi ga mai zagayen Keita da Buza fiye da mai doguwar hanyar Yamai ko Agadas.

Haɗarin da ya fi kusa da yaro a irin wannan fita ma ba mai bindiga ba ne, kuma shi ne wanda ba a cika zancensa ba. Na ɗaya mota: a cusa yara sittin a motar mutum talatin, ko a loda su a bayan buɗaɗɗiyar motar kaya don a rage kuɗi, direba bai runtsa ba tun jiya. Na biyu ruwa. Yaron tudu da bai iya iyo ba yana ganin madatsa zai tuɓe riga, ga zurfi ga laka mai riƙe ƙafa, ga kuma tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga katantanwar ruwan da ba ya gudu ta shiga ta fata, bayan makonni a ga jini a fitsari. Dokar nan ɗaya ce, ba mai shiga ruwa, kuma a sa babba ya tsaya a kanta. Na uku lokaci. An saba ɗaga irin wannan abu zuwa ƙarshen shekarar karatu, Afrilu ko Mayu, daidai lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sanƙarau ke yawo, madatsu sun ƙafe, albasa ta bar garka. In an ƙara jinkiri zuwa Yuni sai a haɗu da ƙoramar da ke cika cikin sa'a ɗaya ta datse hanya. Daga ƙarshen Disamba zuwa farkon Fabrairu ne lokacinsa: hawan dutse ba ya kashe jiki, akwai sauran ruwa a madatsa, garka tana kore. Sai dai kowa ya riƙo bargo, don hunturun Adar da dare ba ya wasa.

Batun 'yan mata shi ne inda shirin ya fi mutuwa a ɓoye. Ba a cewa an hana su, sai ranar tafiya a ga motar maza ce zalla. Iyaye suna da gaskiya su tambayi ina 'yarsu za ta kwana, wa zai kula da ita. Amsar ba ta da tsada: malamai mata da iyaye mata biyu ko uku daga ƙungiyar uwaye ta makaranta su shiga tafiyar, a kwana a azuzuwan makarantar garin da aka sauka, mata ɗakinsu maza ɗakinsu, an shirya da daraktan can da mai gari tun da wuri. Kuɗi ma haka. In makaranta ce masauki, kowane gida ya ba da tiyar gero ko wake, abin da ya rage man mota ne da ruwan sha da akwatin magani, kuma kwamitin kula da makaranta ya karanta lissafin a gaban iyaye kafin tafiya da bayanta. Zargin tatsa yakan samo asali ne daga kuɗin da aka karɓa ba a faɗi inda ya shiga ba.

Abin da ya rage yana hannun hukuma, kuma ba mai yawa ba ne. Malamin da ke son fita da aji yakan rasa wa zai tambaya, takardar izini ta yi ta yawo daga ofis zuwa ofis har lokacin sanyi ya wuce, domin ba wanda ke son sa hannu a abin da za a iya tuhumarsa a kai. Masu kula da ilimi na gundumomin uku za su iya zama sau ɗaya su fitar da takarda guda mai bayyana yawan yara ga kowane babba, irin motar da aka yarda da ita, makarantun da za su karɓi baƙi, da ma'aikacin gandun daji ko na noma da zai tarbi ajin a kowane zango. Ana samun motoci da man kai manyan baƙi su ga madatsun Keita a ɗauki hoto, 'ya'yan waɗanda suka gina su ne ba a samar wa. Matan da suka ɗauki duwatsun nan a ka a 1984 kuwa yau sun haura sittin, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka rage suna nan a ƙauyukan Keita da Tamaske, sun san wane gangare aka fara haƙa, da abin da ke tsiro a wurin kafin fari, da dalilin da ya sa wani shinge ya tsaya wani ya karye, kuma ba a rubuta mafi yawan wannan a ko'ina ba. Ajin da ya isa garinsu a bana zai same su ya yi musu tambaya.