Alamar Sankarar Jini a Jikin Mai Lafiya

A shekarar 1975, Melvyn Greaves da abokan aikinsa a Landan suka yi wa zomaye allurar ƙwayoyin sankarar jini irin wadda ta fi kama yara. Jinin zomayen ya haɗa sinadarin kariya da ke liƙewa a jikin wani furotin da ke fatar ƙwayoyin cutar. Da farko an zaci an sami tambarin da sankara kaɗai ke da shi. Yau sunansa CD10.

Ashe ba haka ba ne. Da aka ƙara dubawa, sai ga shi a ɓargon masu lafiya, ga shi a ƙoda, ga shi a jikin wasu fararen ƙwayoyin jini. A 1988 aka gano ma'aikaci ne na yau da kullum, aikinsa yayyanka ƙananan furotin.

To me ya kai shi jikin sankara? Ƙwayar kariya da ake kira B a ɓargo take tasowa, mataki-mataki, kuma kowane mataki da alamominsa, kamar yadda kowace makaranta ke da yunifom ɗinta. Tana ƙarama takan ɗauki CD19 da CD10. In ta girma ta ajiye CD10, CD20 ya bayyana sosai. Ƙwayar sankara kuwa ta maƙale ne a matakin ƙuruciya, ta ƙi gaba, sai hayayyafa. Ke nan alamar tana nuna inda aka tsaya ne, ba cutar kanta ba.

Shi ya sa ma'aikacin ɗakin gwaji ba ya yanke hukunci da alama ɗaya. Bayan an sha maganin sankara, ɓargo yakan farfaɗo da tulin ƙananan ƙwayoyi masu CD10, lafiyarsu ƙalau, kuma mai gaggawa zai iya cewa cuta ta dawo. Sai a natsu a duba: masu lafiya sun bazu a matakai daban-daban, na sankara sun cunkushe wuri guda, wani lokaci har da alamar da ba ta danginsu ba, irin su CD33.

Wajen magani ma akwai irin wannan matsala. Maganin CAR-T da Amurka ta amince da shi a 2017 yana farautar CD19, don haka yana kashe lafiyayyun ƙwayoyin B tare da masu cuta. Ana iya jure wannan, tunda ana ƙara wa majinyaci sinadarin kariyar da ƙwayoyin B ke samarwa ta jijiya, kuma uwar ƙwayoyin jini da ke ɓargo ba ta da CD19, maganin ba ya taɓa ta.