Shekara Shida Ana Lallaɓa Sitika, Rana Ɗaya A Ɗauko Wuƙa

Wata Asabar na shiga gidan yayata a unguwar Alajo ta Akra, na tarar da ita durƙushe gaban firji, wuƙar yanka albasa a hannun dama, soson ƙarfe a hagu, sai zufa take yi. Da wannan firjin aka kai ta ɗaki shekara shida da suka wuce. Ƙofarsa irin mai ƙyallin nan ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda mata kan haɗa shi da tukwane su kira silba. Tun ranar da aka sauke shi daga mota ba ta yarda an taɓa ko takarda ɗaya da ke manne a jikinsa ba, har da shuɗiyar ledar da kamfani ya lulluɓe ƙofar da ita. Duk yaron da ya kai hannu zai ja gefen ledar, ranƙwashi ne rabonsa.

To ga suna ya matso, baƙi za su zo daga Kumasi, ledar kuma ta dafe ta tsattsage kamar fatar ƙadangare.

Na ce, "Yaya, me firjin nan ya yi miki?"

Ta ce, "Kai dai bari. Tun safe nake fama, abin ya ƙi fita."

A rabin ƙofar ledar kam ta fita. Abin da ya rage shi ne wani fili mai faɗin tafin hannu biyu a tsakiyar ƙofar, ya dushe, zane ya hau kan zane kamar kaji sun yi tono. Garin neman gira an rasa ido.

Ba ita kaɗai ba ce, shi ya sa abin ke ba ni haushi. Ka zaga ɗakunan amare a Nima da Maamobi da Kotobabi, ka leƙa wurin masu sayar da waakye da koko, za ka ga firji da murhun gas da kulolin abinci duk da sitikarsu, an bar ta don a san sabo aka saya. Wa ake burgewa? Ledar nan kamfani ya sa ta ne don kada kaya ya karce a hanya, daga jirgi zuwa tashar Tema zuwa shago. Da ya iso gida aikinta ya ƙare. A makon farko da farce ma za ka ɗaga ta, ta biyo hannunka salin alin. Amma idan ta shekara tana shan zafin kicin, da hayaƙin mai, da ranar da ke shigowa ta taga, gam ɗin sai ya bushe ya kama ƙarfen, ita kuma ledar ta riƙa gutsurewa ƙanana-ƙanana. Daga nan sai haƙuri ya ƙare a ɗauko wuƙa.

Ga abin da yawancinmu ba mu sani ba game da wannan ƙarfe. An samo shi ne a birnin Sheffield na Ingila a 1913, a hannun wani masani mai suna Harry Brearley, kuma sirrinsa wani sinadari ne, kuromiyam, wanda ake zubawa aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Shi ne ke haɗuwa da iska ya yi wa ƙarfen wata siririyar riga da ido ba ya gani, ta hana tsatsa kama shi. Soson ƙarfe kuwa, musamman irin mai laushin nan da ke yin ja idan ya kwana a jiƙe, yana barin ɓurɓushinsa a cikin zanen da ya yi. Wannan ɓurɓushin ne zai yi tsatsa. Ga shi muna zaune a Akra, iskar teku na ɗauke da gishiri, damina kuma ta zo da raɓa. Bayan wata biyu sai ka ga jajayen ɗige-ɗige, matar gida ta hau zagin mai shago wai jabu ya sayar mata. Haka ma masu zuba Parazone a wurin su bar shi ya jiƙa: bilic yana cin wannan rigar, ya bar ƙananan ramuka da ba sa gyaruwa.

Alhali maganin yana cikin kicin ɗin. A fara cire wayar daga wuta, in murhu ne a rufe gas. A tsoma tsumma a ruwan zafi, a matse, a ɗora kan takardar na 'yan mintuna, ko a hura mata handiraya daga ɗan nesa, a kiyaye robar bakin ƙofa. Ɗumi na sassauta gam. Sai a ɗaga kusurwa da farce ko tsohon katin banki, a ja a hankali. Danƙon da ya rage a shafa masa man gyaɗa ko man kwakwa, ko man kaɗanya da aka narkar, a tafi a yi wani aikin na kamar minti goma sha biyar. In an dawo a goge da tsumma mai laushi. Idan aka duba ƙofar da kyau za a ga tana da wasu siraran layuka da suka bi gefe guda. Bin su ake yi wajen gugar, ba a murzawa a zagaye. In bai fita duka ba a maimaita, in ya yi taurin kai a ɗiga ɗan sifirit a auduga. A ƙarshe a wanke da ruwan sabulu, a tsane wurin sarai.

Maganin cire jan farce yana narkar da gam, amma yana narkar da roba da rubutun da ke jikin maɓallan murhu, kuma ƙofofi da yawa fenti ne mai kama da silba. A gwada shi a wani lungu tukuna.

Sai masu fetur. Wallahi na ga saurayi ya jiƙa tsumma da fetur yana goge murhun uwarsa, ga tukunyar gas a gefe, ga maƙwabciya na fifita gawayi a bakin ƙofa. A gidajenmu na haya da ɗaki ke jingine da ɗaki, wutar mutum ɗaya ta kowa ce. Sitika ba ta kai a yi mata wannan kasada ba.

Akwai kuma takardar da ba a cirewa. Rawayar nan mai taurari ta Hukumar Makamashi ta Gana, wadda ke nuna yawan wutar da firji ke ci, amfaninta a shago ne lokacin saye; in za a cire ta a ɗauki hotonta a waya. Amma ƙaramar da ke baya ko cikin firji, mai ɗauke da lambar na'urar da irin gas ɗin da ke cikinta da ƙarfin wutar da take ɗauka, ita mai gyara ke fara nema. Firji na zamani da yawa suna aiki da gas mai lamba R600a, wanda ke kama wuta, kuma a nan aka rubuta. 'Yan'uwanmu na Bronx da ke aiko da injin markaɗe da na ɗumama abinci, kayansu na wutar Amurka ne mai ƙarfin 120, tamu kuwa 230 ce. Wanda ya kankare wannan takardar don tsabta, ranar da wani zai jona na'urar kai tsaye a bango, ƙauri kawai za a ji.

Na karɓi wuƙar daga hannun Yaya, muka gama sauran rabin ƙofar da man gyaɗa da tsohon katin layin waya, ya fito fes. Wurin da ta kankare kuwa, ranar suna kalandar masallaci aka rataya a kai.