Shukar Yakuwa Daga Gurguzu

Masana ilmin tsirrai sun tabbatar da cewa yakuwa da rama da kuɓewa zuriya ɗaya ce, kuma duk wanda ya yi nazarin furensu da idon basira, ya lura da jan tabon da ke tsakiyar kowanne, ba zai nemi wata hujja ba.

Amma sha'anin shuka yana da sharuɗɗa. Da yake gurguzu, wato ƙwayar yakuwa, ɓawonsa na da tauri, ya kyautu a jiƙa shi a ruwa ya kwana kafin a kai shi ƙasa. Sa'an nan idan damina ta kankama, wajen watan Yuni, sai a zuba ƙwaya uku ko huɗu a rami wanda zurfinsa bai wuce gaɓar yatsa ba, a wurin da rana ke samu kuma ruwa ba ya kwanciya, domin yakuwa tana haƙuri da fari, amma ba ta jure wa laka. Idan sun tsiro a cire raunana, a bar biyu.

Kada mai lambu ya yi gaggawa, gama hikimar Ubangiji ta ƙaddara yakuwa ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba. Daga nan ganye ya tafi miya, zoɓo ya tafi kasuwa (na Jigawa har Meziko yake kaiwa), gurguzu kuwa a yi daddawar batso. Sai dai a keɓe na iri tukuna, a adana shi a busasshen wuri.